Sunan Faɗimatu Tsakanin Zamfara da Andalus: Ma'anarsa da Asalinsa da Sauye-sauyensa

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne, watau dai sunan da aka raɗa wa mutum yana da hannu a cikin irin halin da zai tashi da shi. Saboda haka ba a ɗauki raɗin suna da wasa ba a ƙasar Hausa. Amma sau da yawa akan tarar mai suna ya girma, har ya tsufa, bai san ma'anar sunan da yake amsawa ba, balle hanyar da sunan ya biyo kafin ya iso gare shi.

Wannan maƙala za ta ɗauki sunan mata guda ɗaya, watau Faɗimatu, ta bi diddiginsa. Dalilin zaɓensa shi ne, da wuya a shiga wani gida a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun a rasa mai amsa shi ta ɗaya daga cikin siffofinsa. Sa'an nan kuma suna ne da ake samu a ƙasashen Sipaniya da Fotugal a wuyan matan da ba Musulmi ba, har ma littattafan sunaye na can sukan jera shi cikin sunayensu na gida. Za a duba ma'anarsa a Larabci, da yadda ya shiga Turai, da yadda ya shigo Zamfara, da abin da bakin Bahaushe ya yi masa, da kuma matsalar da ke tasowa yau wajen rubuta shi a takardun hukuma.

2.0 Ma'anar Sunan a Larabci

Sunan ya fito ne daga saiwar Larabci mai baƙaƙe uku, watau fa'un da ɗa'un da mimun. Aikatau ɗin da ke fitowa daga wannan saiwa shi ne faɗama, ma'anarsa yaye, ko yanke wani abu daga wani. Faɗimatu kuwa siffar mai aikatawa ce ta mace, watau "wadda ta yaye". Larabawa kan yi amfani da wannan saiwa ga mace da jaririnta, haka kuma ga taguwa da ɗanta. Fassarar da masana lugga suka fi kawowa ita ce, raɗa wa jaririya wannan suna fatan alheri ne: a yi mata fatan ta rayu, ta girma, ta haihu, ta shayar har ta yaye. A ƙasar da mutuwar jarirai ta yi yawa, wannan ba ƙaramar addu'a ba ce.

Sunan ya girmi Musulunci. Kakar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wajen uba sunanta Faɗimatu 'yar Amru. Mahaifiyar Sayyidina Aliyu ita ce Faɗimatu 'yar Asad, kuma 'yar'uwar Sayyidina Umaru ma Faɗimatu ce. Mawaƙin jahiliyya Imru'ul Ƙaisi ya ambaci wata mai wannan suna a shahararriyar ƙasidarsa. Amma abin da ya ɗaukaka sunan, ya kai shi ko'ina cikin duniya, shi ne kasancewarsa sunan 'yar Manzon Allah, ɗiyar Nana Hadiza, matar Aliyu, mahaifiyar Hasan da Husaini, wadda ta rasu a Madina cikin shekara ta 11 bayan Hijira, daidai da 632, watanni kaɗan bayan wafatin mahaifinta. Akwai ruwayar da ke cewa an kira ta haka ne domin Allah ya yaye ta daga wuta. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancin ruwayar, kuma ko yaya ta kasance, tawili ne da ya zo bayan ma'anar lugga, tun da an riga an ga sunan ya rigayi mai shi.

Ya kamata a yi hattara da abu guda a nan. Kamannin sauti kan ja hankali a danganta Faɗima da kalmar Hausa "faɗi", ko Fati da "fata". Babu wata dangantaka ta asali tsakaninsu, dacewar sauti ce kawai.

3.0 Tafiyarsa Zuwa Andalus

Musulmi sun ƙetare mashigin teku daga Magrib zuwa Andalus a shekarar 711 a ƙarƙashin jagorancin Ɗariƙu ɗan Ziyad, suka kuma riƙe wasu sassan ƙasar har 1492 lokacin da Garnaɗa ta faɗi. Cikin waɗannan shekaru kusan ɗari takwas, sunan Faɗimatu suna ne na gida a can. Babban sufin nan Ibnul Arabi, wanda aka haifa a Mursiya a 1165, ya ambaci wata tsohuwa, Faɗimatu 'yar Ibnul Musanna ta Ƙurɗuba, cikin malaman da ya yi wa hidima a Ishbiliya. A gidan sarautar Banu Nasar na Garnaɗa kuma an yi wata gimbiya Faɗimatu, wadda ta rasu a 1349, mahaifiyar sarki kuma kakar sarakuna.

Bayan faɗuwar Garnaɗa al'amura suka juya. An tilasta wa Musulmin da suka rage karɓar Kiristanci, su ne aka kira Morisko. A 1567 Sarki Filibus na Biyu ya zartar da dokar da ta haramta musu magana da Larabci da sa tufafinsu na gargajiya da raɗa sunayen Larabci. Wannan doka na cikin abin da ya tayar da boren duwatsun Alfuharas tsakanin 1568 da 1571. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su daga ƙasar ɗungurungum. Ta haka sunan ya fita daga bakin iyaye masu raɗa suna.

Amma bai ɓace daga ƙasar ba, domin ya riga ya maƙale a jikin wani wuri. A tsakiyar Fotugal, kusa da garin Ourém, akwai wani gari mai suna Fátima, wanda a da ƙauye ne. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa, wanda wani malamin coci Bernardo de Brito ya rubuta a farkon ƙarni na 17, shi ne wai wani jarumi Kirista ya kamo wata gimbiya Musulma mai wannan suna a ƙarni na 12, ya aure ta. Masana tarihi sun ɗauki wannan a matsayin hikaya, amma babu jayayya cewa sunan ƙauyen na Larabci ne, saura ne daga zamanin Musulmi. A 1917, daga 13 ga Mayu zuwa 13 ga Oktoba, wasu yara uku makiyaya na wannan ƙauye suka ce Nana Maryamu ta bayyana gare su. Cocin Katolika ta amince da labarin a 1930, ƙauyen ya zama babban wurin ziyara. Daga nan sai iyaye mabiya Katolika a Fotugal da Sipaniya da Burazil suka shiga raɗa wa 'ya'yansu mata María de Fátima, ko Fátima kawai. Alal misali, ministar ƙwadago ta Sipaniya daga 2011 zuwa 2018 sunanta Fátima Báñez.

Watau ke nan sunan ya koma bakin Turawa ta bayan gida: daga sunan mace ya zama sunan wuri, daga sunan wuri ya zama laƙabin Maryamu, daga laƙabi ya sake zama sunan mace. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Almudena, laƙabin Maryamu a birnin Madrid, daga Larabci almudaina yake, watau ƙaramin birni mai ganuwa. Guadalupe kuma sunan kogi ne wanda kashinsa na farko shi ne wadi, kamar yadda yake a Guadalquivir, watau alwadil kabir, babban kogi. Yau kuma Musulmin da suka ƙaura daga Maroko zuwa Sipaniya sun sake kai sunan da ma'anarsa ta farko, har ga shi ana samun masu suna ɗaya a aji ɗaya, kowacce da wadda aka yi wa takwara.

4.0 Shigowarsa Ƙasar Zamfara

Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Shehu Magili kuwa ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wajejen shekarar da Garnaɗa ta faɗi. Ashe a daidai lokacin da ake shirin kashe sunayen Larabci a Andalus, a lokacin ne suke kafa saiwa a ƙasar Hausa.

Yankin da ake magana a kansa yana da matsayi na musamman cikin wannan tarihi. Garuruwan nan uku, na Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun, suna yammacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara cikin shekarun 1780, kuma ya zauna a Faru. A Magami ne aka yi shahararren taron idin babbar salla, wajen 1788, inda ya gana da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. Faru da Magami duka suna ƙasar Maradun. Sanannen abu ne cewa mata na halartar majalisin Shehu, har aka zarge shi a kan haka, ɗan'uwansa Abdullahi ya mayar da martani. A 1805 kuma jama'ar Shehu ta sake zama a Sabon Gari ta ƙasar Zamfara na wasu watanni.

Gidan Shehu kansa ya zama abin koyi wajen raɗin suna. Cikin 'ya'yansa mata akwai Hadiza da Faɗima da Hafsatu da Asma'u da Maryamu, duka sunayen matan gidan Annabi da sahabbansa, da mahaifiyar Annabi Isa. Faɗima shaƙiƙiyar Muhammadu Bello ce, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, kuma da ta rasu a 1838 Nana Asma'u ta yi mata marsiyya da Fulatanci. Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta kuma tsara waƙar tawassuli da mata masu albarka, inda ta jero sunayen matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai mata. Irin waɗannan waƙoƙi ne jajojin 'Yan Taru suka riƙa kai wa matan karkara. Ba a nufin jihadi ne ya fara kawo sunan Zamfara, domin Musulunci ya daɗe a can kafin Shehu. Abin da ake nufi shi ne ya ƙara masa daraja, ya kai shi ƙauyuka, ya kuma ƙarfafa furucinsa irin na malamai.

5.0 Siffofin Sunan a Bakin Bahaushe

5.1 Furuci

Tun 1947 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa ta hanya biyu: tsofaffi da suka shigo ta baki, da na baya da suka shigo ta littafi a hannun malamai. Siffofin wannan suna sun dace da wannan rabo.

Abu na farko shi ne harafin ɗa'un. Hausa ba ta da wannan sauti mai kauri, saboda haka ta musanya shi da ɗaya daga cikin sautukanta masu hamza. A karatun malamai ya zama ɗ, kamar a ɗalibi, ɗahara, ɗabi'a, ɗariƙa, sharaɗi, shaiɗan, Ɗahiru da Ɗalhatu. Ta nan aka sami Faɗimatu da Faɗima. A wasu kalmomi kuwa ya zama ts, kamar a tsibbu, daga kalmar Larabci ta magani. Akwai ma kalmar da ta shigo ta hanyoyin biyu, watau haɗari da hatsari. Ta wannan hanya ta biyu aka sami Fatsima da Fatsuma, waɗanda aka fi ji a bakin tsofaffi da mutanen karkara. Siffa ta uku, Fatima, mai t tsurarta, ita ce rubutun boko ya ƙarfafa, domin malaman rajista da Turawan mulki ba su da harafin da ya wuce t.

Abu na biyu shi ne gaɓar ƙarshe, watau -tu. A maganar Larabawa ta yau da kullum ba a furta ta, sai a karatu mai cikakken wasali. Bahaushe ya riƙe ta domin daga allo da littafi ya ɗauko sunan, kamar yadda ya yi a A'ishatu, Hadizatu, Aminatu, Halimatu da Rukayyatu, da kuma wasalin ƙarshe na Muhammadu da Aliyu da Umaru. Turawan Andalus kuwa da kunne suka ɗauka, shi ya sa ba su da wannan gaɓa. Abin da suka adana shi ne nauyin gaɓar farko, wadda ke da dogon wasali a Larabci, kuma shi ne dalilin alamar da suke ɗorawa bisa a ta farko.

Abu na uku ya shafi karin harshe. A Hausar yamma, wadda Zamfarci ke cikinta, f kafin a takan zama hw, shi ya sa ake jin hwari da hwata da Mahwara. Saboda haka tsohuwa a Bakura za ta kira jikarta Hwaɗima ko Hwatsima. Haka kuma ts kafin i takan koma wani sauti mai kama da c mai hamza, kamar yadda ake jin sunan Katsina a bakin mutanen yamma. Wannan ne asalin rubutun Fatchima da ake gani a takardun Maraɗi da sauran garuruwan Nijar, inda ƙa'idar rubutun Faransanci ta yi aiki.

Maƙwabta ma kowa ya sarrafa sunan da bakinsa: Barebari Falmata, Fulani da Mandinkawa Fatumata da Fanta, Wolof Fatu, Sumalawa Fadumo, Turkawa Fatma.

5.2 Laƙabi

Ban da gajartawa irin su Fati da Fatu, akwai sunaye uku da suke tafiya tare da Faɗimatu. Binta ko Bintu daga kalmar Larabci ta "'ya" yake, watau 'yar Manzo, an yanke rabin jimlar an bar rabi. Zahra'u, wadda ake gajartawa Zara, ma'anarta mai haske, kuma daga wannan saiwa sunan masallacin Azhar ya fito, wanda daular Faɗimiyyawa ta gina bayan ta kafa Alƙahira a 969. Batulu kuwa ita ce wadda ta yanke daga duniya ta fuskanci ibada. Dukkansu laƙabai ne na mace ɗaya, amma yau ana samun wadda aka yanka wa rago da Zahra'u kai tsaye. Haka abin yake ga sauran sunaye: A'ishatu ta ba da Indo da Shatu, Hadizatu ta ba da Dije da Kubura, Hauwa'u ta ba da Kulu, Zainabu ta ba da Abu.

5.3 Alkunya

Sunan yanka shi ne wanda ake yi wa jariri huɗuba da shi, a bayyana shi ran suna, kwana bakwai da haihuwa. Amma ba lalle ne a riƙa kiran yarinya da shi ba. Uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari. In kuma an yi wa kaka ko suruka takwara, sai a sakaya da Uwani ko Inna ko Ummi ko Nana. Ita kanta Faɗima 'yar Shehu an fi saninta a gida da Mo'Inna, watau "ta Inna". Wani lokaci kuma sunan rana ke rufe na yanka: Ladi, Altine, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe. Ranar da ta ba kasuwar Mafara sunanta, har garin ya zama Talata Mafara, ita ce ta ba yarinya suna Talatu. Akwai kuma na yanayin haihuwa, irin su Kande da Auta da Gambo da Azumi. Saboda haka mace ɗaya tana iya zama Faɗimatu a bakin liman, Uwani a bakin mahaifinta, Talatu a bakin kakarta, Binta a wurin ƙawayenta.

6.0 Kwatanci

In aka jera al'adun biyu za a ga sun haɗu a wuri ɗaya. Mutanen Sipaniya sun mayar da laƙaban Maryamu sunaye masu zaman kansu: Dolores, Mercedes, Pilar, Guadalupe, sa'an nan suka gajarta su zuwa Lola da Lupe. Hausawa sun yi daidai wannan da laƙaban Faɗimatu. A wurare biyun, girmamawa ce ta haifi yawan siffofi. Bambancin shi ne, a Zamfara igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba, wadda ake yi wa takwara ita ce dai ta Madina. A Turai kuwa igiyar ta tsinke a ƙarni na 16, da aka ƙulla ta a ƙarni na 20 sai ta ƙullu ga wata mace dabam.

7.0 Sunan a Takarda

Daidaitacciyar Hausa, wadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, kuma Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ƙarfafa, an gina ta ne bisa karin Kano. Ba ta ba hw gurbi ba. Takardun hukuma kuma ba sa amfani da baƙaƙe masu ƙugiya, saboda haka Faɗimatu kan koma Fadimatu ko Fatima. Ga mai nazarin harshe wannan hasara ce, domin kowace siffa shaida ce ta hanyar da sunan ya biyo.

Ga mai sunan kuwa abin ya wuce nazari. Tun 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu, kuma na'ura ba ta san Binta da Fatima mutum ɗaya ba ne. Yarinyar da aka rubuta Binta a firamare, Fatima a sakandare, Fadimatu a katin shaida, sai ta nemi takardar rantsuwa kafin a yarda ita ce. Wannan nauyi ne a kan malaman makaranta, musamman masu ɗaukar 'yan aji ɗaya: su tambayi sunan yanka tun ranar farko, su rubuta shi da siffa ɗaya, su ajiye laƙabi a gurbi na dabam.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Faɗimatu suna ne na Larabci mai ma'anar "wadda ta yaye", ya girmi Musulunci, amma 'yar Manzo ce ta ɗaukaka shi. Ya shiga Sipaniya da Fotugal da Musulmi, ya fita da dokar sarki, ya komo ta sunan ƙauye. Ya shigo ƙasar Hausa ta baki da ta allo, sa'an nan boko ya ƙara masa siffa ta uku. Aikin da ya rage shi ne na tattarawa. Rashin tsaron da ya addabi karkarar Zamfara cikin shekarun nan ya tashi ƙauyuka da dama, tsofaffin da suka san wa aka yi wa takwara da dalilin kowane laƙabi suna watsewa cikin garuruwa. Ya dace ɗaliban manyan digiri su naɗi furucin sunaye daga bakinsu a Talata Mafara da Bakura da Maradun, su kwatanta da tsofaffin rajistocin makarantu da na kotunan alƙalai, domin a san lokacin da Hwatsima ta fara ba Fatima wuri, da kuma gidajen da suka riƙe ta har yanzu.